Yadda ake zaɓar sabon littafin sauraro, a kuma bi labarinsa har ƙarshe

Mai karanta littafi da ido yana da wani gata da ba ya ko lura da shi. In jami'in bincike ya ambaci wani suna a shafi na 200, shi kuwa ya manta ko wane ne, sai ya koma baya 'yan shafuka, ya gano mutumin, ya dawo inda ya tsaya. Mai sauraron littafin da aka naɗa da murya ba shi da wannan. Murya tafiyar ruwan rafi take yi, abin da ya wuce ya wuce, kuma laluben jimla ɗaya a cikin sautin awa goma jan aiki ne. Labaran binciken kisa, da masu sa gaban mutum dukan uku-uku, da na rikicin iyali su suka fi jin jiki a nan, domin su ukun a kan abu ɗaya aka gina su: 'yar maganar da aka yar tun farko kamar ba komai, wadda sai can gaba za ta tashi ta yi aiki.

Kuma irin waɗannan labarai na cikin waɗanda aka soma da su. A 1935, lokacin da cibiyar kula da makafi ta Birtaniya ta fara naɗar littattafai a faifan garmaho, musamman saboda sojojin da suka rasa ganinsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin na farkon da aka naɗa akwai The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie. Kowane gefen faifai kimanin minti 25 yake ɗauka, sai a tashi a juya shi. Yau littafi sukutum yana shiga waya kafin ka gama ɗaura takalmi. Wahalar ta koma wajen zaɓi, da kuma wajen riƙe zaren labarin.

Mataki na 1: San ranar da sababbi ke fitowa

Kamfanonin ɗab'i na Amurka galibi ranar Talata suke sakin sababbin littattafai, na Birtaniya kuma ranar Alhamis, kuma manyan ƙagaggun labarai yanzu sukan fito a takarda da sauti rana guda. Don haka ba sai kana leƙa manhaja kullum ba. Ware rana ɗaya a mako, ka ba abin minti goma, ka shiga sashen sababbin fitowa, ka tace shi da nau'in labarin da kake so. Duk wanda ya ja hankalinka ka jefa shi a jerin waɗanda kake sha'awa. Kada ka saya a ranar. Littafin da ya kwana biyu a jerin kuma har yanzu ranka na biya maka shi, shi ya cancanci matakan da ke gaba.

Manyan hotunan da ke saman shafin farko ka ɗauke su a matsayin talla. In kana son ma'aunin da ya shafi sauti, duba jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a kyautar Audie, wadda ƙungiyar masu buga littattafan sauraro ta Amurka ke bayarwa tun 1996, kuma tana da rukunin labaran bincike daban, na masu tayar da hankali daban. Amfaninsa a wurinka sunayen masu karantawa ne, wato waɗanda ake naɗar muryarsu suna karanta littafin. Za ka ga wasu sunaye suna ta dawowa shekara bayan shekara.

A lura, "sabo" a duniyar sauti iri biyu ne. Akwai labarin da aka rubuta bana, akwai kuma na shekara arba'in da aka sake naɗa da sabuwar murya. Na biyun ba aibu ba ne, da tsohuwar zuma ake magani, amma ka san abin da kake saye.

Mataki na 2: Rarrabe saye da haya da aro

Rashin bambance waɗannan ne ke sa mutum ya wayi gari ya tarar littafin da yake tsakiyar ji ya kulle, saura babi uku a kama mai laifi.

A manhajojin Apple Books da Google Play Books da Kobo kana iya biyan kuɗin littafi ɗaya ya zauna a asusunka, ba ruwanka da kuɗin wata. Audible, kamfanin littattafan sauraro da Amazon ya saya a 2008, tsarinsa da aka fi sani shi ne ka biya kuɗin wata a ba ka tikiti guda, ka musanya shi da littafi ɗaya komai tsawonsa, kuma wannan littafin yana nan ko ka daina biya. Amma akwai wani tarin littattafan da ake buɗe wa masu rajista su ji ba tare da tikiti ba, su kuwa haya ne, ranar da rajista ta ƙare ranar suke rufewa. Tunda tikiti bai san tsawo ba, dabara ita ce ka kashe shi a kan doguwar hikayar iyali mai awa 20, gajeren labari kuma ka jira ranar rangwame.

Manhajar Storytel haya ce zalla. Spotify tun 2023 yana ba masu biyan kuɗin wata a wasu ƙasashe awa 15 na littattafai kowane wata. Awa 15 littafi ɗaya ne da rabi, kuma in barci ya sace ka sauti na tafiya, awannin nan sun ƙone.

Aro kuma ta manhaja irin Libby ake yi, ga wanda ke da katin ɗakin karatun da ke cikin tsarin. Ana ba da littafi na kwana 7 ko 14 ko 21, ya koma da kansa in wa'adi ya cika. Yawanci kowane kwafi mutum ɗaya ake ara wa a lokaci guda, shi ya sa sabon littafin da ake rububi za ka iske layinsa ya yi makonni, wani lokaci watanni. Shiga layin tun ranar da ka ji labarinsa. Sannan ka yi lissafi kafin ka karɓa: littafin awa 12 a kwana 14 yana bukatar minti 50 da 'yan kai kowace rana, ba fashi.

LibriVox, wanda aka kafa a 2005, kyauta ne, 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Ba za ka sami sabon fitowa a can ba, amma wuri ne mai kyau na gwada ko kunnenka zai jure dogon labari kafin ka sa kuɗinka. Su kuwa tashoshin da ke raba sababbin littattafai a ɓagas, kayan sata ne. Ban da haƙƙin marubuci da na wanda ya yi kwanaki a ɗakin naɗi yana karatu, sau da yawa babi a hargitse suke, ko a rasa na ƙarshe. Labarin kisan da ba shi da babin ƙarshe kuwa me ya rage a cikinsa?

Abu na ƙarshe a nan: izinin sayar da littafi ƙasa-ƙasa ake bayarwa. Ka bincika sunan littafin a manhajar daga inda kake kafin ka biya kuɗin rajista saboda shi. Yakan kuma faru littafi ɗaya ya zama da masu karantawa biyu, ɗaya a bugun Amurka, ɗaya a na Birtaniya, wanda abokinka ke yabo ba lalle shi za a ba ka ba.

Mataki na 3: Karanta shafin littafin, ba bangonsa ba

Abubuwa huɗu za ka duba, minti ɗaya ya isa.

Tsawo. Mai karantawa yakan furta kalma 150 zuwa 160 a minti, wato sama da kalma 9,000 a awa. Littafi mai kalma 90,000 zai kai wajen awa goma. In ka ga ƙaton labari da aka ce awa huɗu ne, an datse shi. Kalmar da za ka nema a shafin ita ce Unabridged, ma'ana cikakke ne. A labarin bincike, abin da mai datsewa ke fara zubarwa shi ne mutanen da marubuci ya sa don su ɓatar da kai, da zarar an cire su kuwa mai laifi ya fito fili tun rabin hanya.

Lamba a jeri. Masu rubuta labaran bincike suna son jami'i ɗaya da za su yi ta bi littafi bayan littafi. Shari'ar da ke cikin na bakwai za ta iya tsayawa da ƙafarta, amma tana iya fasa ƙwan wanda ya yi kisa a na uku. In jerin na iyali ne, kada ma ka soma daga tsakiya.

Yawan muryoyi. Wani littafin mutum ɗaya ke karanta shi duka, wani kowane mai ba da labari da muryarsa, wani kuma tamkar wasan kwaikwayon rediyo ne, da kiɗa da ƙarar ƙofa. Labarin da miji da mata ke karɓa-karɓa, kowa na faɗin nasa ɓangaren kuma ɗaya cikinsu ƙarya yake yi, ya fi daɗi da muryoyi biyu.

Mutum ko na'ura. Apple Books ya fara fitar da littattafan da muryar kwamfuta ta karanta a 2023, Audible ma yana da su, yana rubuta Virtual Voice a gurbin sunan mai karantawa. Ga littafin koyon sana'a ban damu ba. Ga labarin da uwa za ta ce wa 'yarta "ba komai" alhali komai ya lalace, ni dai har yanzu mutum nake nema.

Mataki na 4: Saurari somin-taɓi yadda ya kamata

Nan ne mafi yawan mutane ke yin cinikin biri a sama. Kowace manhaja tana ba da 'yan mintuna kyauta, a Audible wajen minti biyar, amma sai mutum ya ji daƙiƙa ashirin, ya ce muryar ta yi daɗi, ya biya. Daɗin murya shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake gwadawa. Wannan mutumin awa goma zai yi a cikin kunnenka.

Ka ji shi da iyafis ɗin da za ka riƙa amfani da shi, a irin wurin da za ka riƙa sauraro. Muryar da ta fita tas a ɗaki shiru tana iya nutsewa cikin ƙarar mota, musamman ta mai karantawar da ke yin ƙasa da murya a ƙarshen kowace jimla don ya sa tsoro. Sannan ka jira a zo wurin hira. Rufe ido ka tambayi kanka: ba tare da an ce "in ji wane" ba, na san wanda ke magana? Ba sai mai karantawa ya yi ta canza murya kamar ɗan wasa ba. Gwanaye ɗan kaɗan suke taɓawa, wannan ya yi nauyi, wancan ya yi sauri, kuma su riƙe hakan har ƙarshe. Ka saurari yadda namiji ke yin muryar mace da yadda mace ke yin ta namiji. In ya matse maƙogwaro yana 'yar siririyar murya kamar mai tsokana, ka sani duk matan littafin haka za su fito, har wadda ya kamata ta sa ka kuka.

Na taɓa sayen wata hikayar iyali mai 'yan'uwa mata uku, ban jira hira a somin-taɓin ba. Mai karantawar muryarta garau, amma babbar da ta tsakiya ba ka bambance su. Na yi awa shida ina jin haushin babbar a kan wasiƙar da ƙanwarta ce ta ɓoye. Da gaskiya ta fito, maimakon in girgiza sai na tsaya ina tambayar kaina wa ke neman gafarar wa.

Akwai wani aibin da sai a labaran bincike ake gane shi: mai karantawar da ke tona asiri da murya. Ya riga ya karanta littafin, ya san mugun, sai ya riƙa shafa masa wani sanyi-sanyin makirci tun fitowarsa ta farko. In a cikin minti biyar ka ji wani mutum a labarin yana magana kamar maciji, alhali kalmominsa na mutumin kirki ne, ajiye littafin. Sauran ƙananan abubuwa, irin jan numfashi mai ƙara da taunar leɓe, in ka lura da su a minti na biyu to a awa ta biyu ba abin da za ka riƙa ji sai su.

Mataki na 5: Leƙa sharhi da ido ɗaya

Audible yana raba taurarin da masu sauraro ke ba littafi gida uku: na gaba ɗaya, na karatu, na labari. Na karatun za ka duba. Ka karanta sharhin masu tauraro uku, su ne ba soyayya ba ƙiyayya. Da ka ga jimla ta fara da "ban taɓa zaton cewa", ɗauke idonka.

Mataki na 6: Sauke shi gaba ɗaya

Sauti mai matsakaicin inganci yana cin kusan MB 29 a awa, mai babban inganci ninkin haka. Littafin awa goma ke nan wajen MB 290 ko 580. Murya ɗaya ba kiɗa ba ta bukatar babban, sai in mai cikakken wasan kwaikwayo ne. Sauke shi duka a inda intanet ke da ƙarfi, sannan ka kashe data ka taɓa wani babi na can ƙarshe ka tabbatar ya buɗe, ka rufe kafin a furta kalma uku. Duba kuma ko littafin ya zo da takardar PDF. Wasu hikayoyin iyali suna haɗowa da jadawalin zuriya ko taswirar gari, mutane da yawa ba su san tana nan ba.

Mataki na 7: Sauraron kansa

Awar farko ka ba ta hankalinka duka. A nan ake gabatar da mutane, kuma sunan da ido bai gani a rubuce ba ba ya zama da wuri. Ɗauki 'yar takarda, duk wanda ya fito ka rubuta sunansa yadda ka ji shi, da kalma biyu a gefe: "lauya, gurgu", "matar ƙanen mamaci". Mutum goma zuwa goma sha biyu sun isa. A labarin iyali ka ja layi tsakanin iyaye da 'ya'ya, domin marubuta na son sa wa jika sunan kakansa, sai ka rasa wanne ake binnewa wanne ake yi wa aure. Kada ka je intanet neman jerin mutanen labarin. Irin waɗannan shafuka sukan rubuta suna, a gabansa kuma su rubuta yadda ya mutu.

Kasa kunne sosai a farkon kowane babi. Labaran yanzu suna son tsalle tsakanin zamani biyu. A takarda shekarar na nan da manyan baƙaƙe a saman shafi, a sauti kuwa cikin daƙiƙa ɗaya ake faɗinta a wuce. In ta kuɓuce maka, sai ka ji wanda aka kashe ɗazu yana shan iska a lambu. Maɓallin komawa baya na daƙiƙa 30 don wannan aka yi shi, kada ka ji nauyin danna shi. Jerin babi kuma, in marubucin mai sa wa babi suna ne, kada ka gangara ƙasa kana karantawa.

Batun sauri, fara a yadda aka naɗa shi. Bayan awa ɗaya ko biyu, in kunnenka ya saba da muryar, ka ɗaga saurin zuwa ninki 1.1 ko 1.25. A 1.25 littafin awa goma yana komawa awa takwas, a 1.5 kuma awa shida da minti 40. Amma akwai abin da ake biya. Shirun da mai karantawa ya yi kafin a buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, da gangan ya yi shi, sauri kuwa shi yake fara cinyewa. Labarin guje-guje da harbe-harbe yana jure sauri. Na iyali, wanda rabinsa abin da ba a faɗa ba ne, ba ya jurewa.

Aikin da za ka haɗa da sauraro ya zama na hannu ko na ƙafa: wanki, guga, shara, tattaki, doguwar tafiya a mota. Duk aikin da ke da kalmomi a ciki, kamar amsa saƙo ko duba labarai, taura biyu ce, ba ta taunuwa. Za ka ɗaga kai ka ga minti goma sun tafi ba ka riƙe ko kalma ba. Mai tuƙi kuma ya saita komai kafin ya tayar da mota.

Sai barci. Kowace manhajar kirki tana da agogon da ke tsayar da sauti bayan minti 15 ko 30, ko a ƙarshen babi. Kunna shi duk daren da ka kwanta da littafi, ko da kana jin idonka biyu, ka kuma sa alama a inda ka fara. Ni na koyi wannan ne da tsada. Na kwanta a babi na tara na wani labarin kisa, na farka cikin dare iyafis ɗaya a kunne ɗaya a ƙarƙashin filo, daidai lokacin da jami'in ke cewa da likitan gidan ya miƙo hannuwansa. Likitan da nake ganin shi kaɗai ne mutumin kirki a littafin. Na koma babi na tara washegari, amma sauran awa bakwai ɗin duba aikin marubuci kawai na yi.

In an sa alama a duk inda wani ya faɗi inda yake a daren da abin ya faru, ko aka ambaci wani ƙaramin abu sau biyu, mabuɗi ko agogo ko tabo a hannun riga, daga baya za ka iya komawa ka gwada maganar kowa. Wannan shi ne madadin juya shafi. Wanda ya mallaki littafin a Kindle, manhajar Amazon ta karanta littafi a rubuce, da Audible duka, akwai tsarin Whispersync da ke haɗa inda ya tsaya a rubutu da sauti, sai ya nemi suna a rubuce in ya rikice.

Awar ƙarshe kuma ka tanade ta. Duba saura nawa, in ya kai kamar minti 60 ka tsaya, ka jira lokacin da ba mai kiranka, ka mayar da saurin yadda yake tun asali.

Mataki na 8: In bai karɓe ka ba, da in ya karɓe ka

Awa biyu sun isa hukunci. In har lokacin kana tilasta wa kanka, bar shi. Na aro ka mayar da wuri, akwai mai jira a layi. Wasu manhajojin suna karɓar littafin da aka saya da tikiti su mayar maka da tikitinka, amma suna sa ido kan mai yawan yin haka. In kuma rajistar za ka soke gaba ɗaya, fara kashe tikitin da ya rage, don a yawancin tsari yana tafiya tare da ita.

In littafin ya yi maka, koma kan 'yar takardar nan ka rubuta sunan mai karantawa a ƙasan sunayen mutanen labarin. A yawancin manhajoji sunan nasa abin dannawa ne, zai buɗe maka duk abin da ya karanta, har da waɗanda ke tafe. Ta wannan hanya na sayi littattafai uku na marubutan da ban taɓa jin sunansu ba, saboda wata mata mai 'yar dusasshiyar murya da ta iya shiru. Biyu sun yi kyau ƙwarai. Na ukun labarin bai da kai bai da gindi, tun awa ta uku na gane wanda ya yi kisan, amma na ji shi har ƙarshe.